Kiɗan Fatalwa a Bikin Yaya Hadiza

Ko mantuwa za ta kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka fito da Yaya Hadiza ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai in miƙe in zaga ɗaki, in zauna, in sake miƙewa. Matata ta saba. Da ta ga na fara safa da marwa sai ta ce, “An tuno bikin ke nan?” Ni kuwa in ce mata sauro ne ya dame ni.

A Coal Camp aka haife ni, cikin Inugu, a layin da Hausawa suka taru suka yi wa kansu gida. Babanmu yana cikin waɗanda suka dawo garin bayan yaƙin basasa, lokacin da arzikin mai ya fara shigowa, kowa yana gini, kowa yana son babbar riga. Tela ne, shagonsa a jikin gidanmu yake, kuma mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba sai ta kekensa. Ni ne auta, ni ne kuma ciwon kansa, don Allah bai halicce ni da zama wuri ɗaya ba. An zaunar da ni a kan keken ɗinki, na ƙarar da allurai. An kai ni wajen masu albasa a kasuwar Artisan, na bar rumfa na bi masu wasan biri. Na fara koyon okada, na faɗa kwata da ni da fasinja (fasinjan ya yafe, mai babur ne har yau ba ya amsa gaisuwata).

Wuri biyu ne kawai nake iya ɗora mazaunaina su zauna. Na farko shagon gem, wato wasan talabijin, na wani Chidi da ke bakin titi, inda samarin unguwa ke cunkushewa gaban talabijin. Na biyu barandar maƙwabcinmu Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ne mai mandolin. In ba ka taɓa ganinta ba, ka ɗauka gurmi ne ya yi ƙiba, aka jera masa tsirkiyoyin ƙarfe bibbiyu, ana kaɗa su da ɗan guntun roba. A cocinsu yake kaɗawa. Wata rana ya zuba wa hannuna ido, yana ta buga gwiwata kamar yadda ya saba, sai ya ce, “Kawo hannun nan naka mai rawa, akwai inda ake neman irinsa.”

Ashe ita mandolin muryarta ba ta daɗewa. Kana taɓa tsirkiya sautin ya mutu, in kana so ya tsaya sai ka yi ta karkaɗa hannu da sauri, sama da ƙasa, ba tsayawa. Wato abin da aka yi ta dukana a kansa tun ina makarantar allo, shi ne sana'ar gaba ɗaya. Ban san lokacin da na fara wuni a barandar ba. Da Malam Yohanna ya ga da gaske nake, sai ya ɗauko tsohuwar tasa daga saman kabad ya ce in riƙe.

Baba bai so ba. Ba don Malam Yohanna ba, su biyun tun kafin a haife ni suke shan shayi tare, kuma shi ke ɗinka masa kaftanin Kirsimeti. Abin da ba ya so shi ne a ce ɗansa ya zama makaɗi. Ko sunanta ba ya kira, “molon cocin nan” yake cewa. Ranar da ya ce in mayar wa mai abu abinsa, na ji kamar an ce in cire hannun in miƙa. Yayata Hadiza ce ta shiga tsakani, lokacin an riga an sa ranar aurenta. Ta durƙusa a bakin shago ta ce, “Baba, a bar Auta ya yi mini kiɗa ranar bikina. In ya ba mu kunya, ni da kaina zan mayar da ita.”

Baba ya daɗe yana zura zare a allura, sannan ya ce, “To. Ranar ce za ta raba mu.”

Yanzu ga inda na haƙa wa kaina rami. A shagon Chidi akwai wani gem na ban tsoro da ake yayi a lokacin. Mutum ne ke yawo a wani gari da duk mutanensa suka watse, hayaƙi ya rufe tituna, ba ka ganin gabanka. Can sai wani kiɗa ya taso a hankali, na mandolin zalla, mai sanyi, mai shiga ƙashi. Da kiɗan ya taso ka san ta iso: wata mata ce cikin farin mayafi, kai a sunkuye, tana jan ƙafa tana nufo ka. Manyan ƙarti na gani sun jefar da abin dannawa sun yi waje. Ni kuwa ba matar ce ta dame ni ba, kiɗan ne. Sai in sa a kunna, in saurara, in kwasa da gudu zuwa gida ina rera shi a hanci don kada ya zube a hanya, in lalubo shi a tsirkiya, in sake komawa in ɗebo saura. Har Chidi ya gaji ya ce, “You no dey play, you just dey hear music dey run. Aboki, you well so?”

Da na haɗa shi, kullum bayan la'asar ina bayan gida ina kaɗawa. Yaya Hadiza ta ji, ta ajiye tsintsiya ta ce, “Wannan nake so, Auta. Mai sanyin nan. Da shi za a fito da ni.” Na buɗe baki zan gaya mata inda na samo shi, sai na ga yadda take kallona, karo na farko wani a gidanmu ya dube ni kamar na iya wani abu. Na rufe bakina.

Kuma na yi lissafina (ku ji lissafin mai wayo). Gwaggonninmu ba sa zuwa shagon Chidi. Samarin layinmu kuwa an ba su aikin rabon abinci a can baya. Dangin ango daga Anacha za su zo, 'yan kasuwa ne, wasu daga Fatakwal. Shi kansa angon, Sani, darduma da huluna yake sayarwa a babbar kasuwar Anacha, ga gemu, ga wando ɗangalalle, kowa Ustazu yake ce masa, ni dai ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Na ce wannan ko talabijin ya gani sai ya kau da kai. Wa zai gane?

Malam Yohanna ya ɗan taɓa ni. Da na kaɗa masa, ya karkata kai ya ce, “Wannan a biki? Mu a wajenmu irin wannan sai an shigo da akwatin gawa.” Na ce masa ai zamani ne, haka ake yi yanzu. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Wani abu kuma da na lura da shi: duk lokacin da na fara kiɗan, keken Baba sai ya yi shiru a shago, ba ya sake motsi sai na gama. Na ɗauka haushi ne yake hana shi aiki, sai na riƙa rage sauti.

Ranar biki tun asuba na kasa zama. Na shiga banɗaki na fito, na ɗaure tsirkiya na kwance, na canza hula, na dawo da ta farko. An ɗaura aure da hantsi. Tsarin shi ne a yi ɗan zama a ƙofar gida bayan la'asar, a fito da amarya ta zauna kusa da ango a yi hotuna, sannan motoci su ɗauke ta zuwa Anacha. Direbobi tun azahar suke ƙorafi, su dai a bar su su kama hanya da sauran rana. Sai ga ruwan Inugu, wanda ba ya neman izinin kowa, ya sauko ya jiƙa komai, har itacen da mata ke dafa shinkafa da shi. Da ya ɗauke, aka hura jiƙaƙƙen itacen nan da ƙarfin tsiya. Hayaƙi ya taso fari fat, ya ƙi tashi sama, ya kwanta a layin tun daga ƙofar gidanmu har bakin rumfa.

Na ga hayaƙin nan da idona. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da na ce a raina shi ne, kai, hoto zai yi kyau.

Baba bai fito ba, uban amarya ba ya zama a irin wannan wuri. Yana cikin shagonsa da liman da abokansa, amma ƙofa a buɗe take, na kuma san kunnensa yana waje. Aka zaunar da ango a gaba, abokansa suka jeru a bayansa. Mai gabatar da taro ya ce yau ƙanin amarya zai nuna bajinta, ya ɗaure makirfo a kujera daidai cikin mandolin, ya riƙe ɗaya a hannunsa. A cikin gida kuwa Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ita ce uwar biki, ta riga ta ja wa amarya kunne: kai a ƙasa, tafiya a hankali, kada dangin miji su ce ɗoki take. Ta lulluɓe ta da farin mayafin leshi tun daga kai har yatsu.

Na fara. Tsoro ya sa hannuna rawa fiye da kullum, kuma wallahi ban taɓa kaɗa shi da daɗi irin na ranar ba. Lasifika ta ɗauki sautin ta watsa shi cikin layi, yana dukan katanga yana dawowa. Surutu ya mutu. Wata tsohuwa a gefena ta ce, “Allah sarki,” tana share ido da bakin zane. Kaina ya fara kumbura, har na hango kaina ana gayyatata Fatakwal.

Sai na ga ɗaya daga cikin abokan ango, wani dogo mai jar hula, ya ɗago kai kamar an kira sunansa. Ya dubi na kusa da shi.

“Kai, ba shi ba ne?”

“Na im! Wallahi shi ne!”

Na saci kallon ango. Ustazu ya sandare a kujera, ya riƙe gwiwoyinsa, zufa tana bin gemu. Daidai lokacin aka buɗe ƙofar gida. Ƙawayen amarya suka tsaya tattare zannuwa saboda ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, Gwaggo ta tsaya yi musu faɗa, sai Yaya Hadiza ta yi gaba ita kaɗai. Ta fito daga cikin hayaƙin nan fara sol, kai a sunkuye, takalmi mai tsini yana kafewa a laka tana jan ƙafa, tana nufo ango kai tsaye.

Mai jar hula ya sunkuyo daidai kunnensa ya ce, “Ustazu, ga ta nan fa.”

Shi kuma mai gabatar da taro, bawan Allah bai san komai ba, ya miƙo makirfo bakin ango don ya yi wa amaryarsa maraba. Ango ya zabura ya miƙe, ya ja da baya, kujera ta kife, ya ɗaga hannu biyu ya ce, “A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!”

Ta lasifika. Ina jin har masu kifi a kasuwar Ogbete sun ji.

Wuri ya yi tsit. Kowa ya daskare, ban da mutum ɗaya. Ni. Hannuna ya ƙi tsayawa. Ƙwaƙwalwata tana cewa bari, hannun yana ta aikinsa, har ya shiga wajen da kiɗan ya fi ban tausayi. Sai da Gwaggo Asabe ta ratso taro ta dafe tsirkiyoyin da tafin hannunta.

Ta juya wajen ango. “'Yar tawa ce shaiɗan? 'Yar da na yi wa wanka da hannuna? To ba inda za ta! Ku kwashe motocinku!” Ta cafki hannun amarya ta juya da ita. Matan dangin ango suka miƙe, namu suka miƙe, kowa tana gyara ɗaurin ɗankwali. Direbobi suka ga an tashi, suka ɗauka an gama, suka hau danna oda. Abokan ango kuwa sun zube a kan kujeru, wani yana dukan ƙasa da hula. Ita amarya tana tsaye, kafaɗunta suna girgiza a ƙarƙashin mayafi. Na ce shi ke nan, na kashe wa yayata aure tun ba ta shiga mota ba. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya irin na lokacin ba.

Ango ya dawo hayyacinsa, ya ga abin da ya aikata. Sai ya nuna ni da yatsa. “Gwaggo, wallahi ba ita ba ce. Kiɗan nan ne!”

Duk idanun layin suka dawo kaina. Ga liman ya fito daga shago yana gyara rawani, Baba yana biye da shi, hannu a baya.

Liman ya ce, “Samari, kiɗan mene ne wannan?”

Na durƙusa. Na manta makirfo yana ɗaure a kujera, daidai bakina. “Allah gafarta Malam, na wasa ne.”

“Wane irin wasa?”

“Na talabijin ne. Wato akwai wata mata ce... ta riga ta rasu... to sai ta riƙa fitowa cikin farin mayafi, tana jan ƙafa. In za ta fito, shi ne ake...”

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. “Inna lillahi! Kiɗan fatalwa ka yi wa yayarka ranar aurenta?”

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar duk laka ce. Ban iya ɗaga ido na dubi Baba ba, takalmansa kawai nake gani. Liman ya shafa gemu, sannan ya juya a hankali wajen ango ya ce, “To shi wannan mun ji nasa. Kai kuma Ustazu, a ina ka san ta?”

Mai jar hula bai bari ango ya buɗe baki ba. Ya ce ai a bayan kasuwa suke zuwa buga wannan gem ɗin in an tashi, kuma ranar da matar ta fara fito wa Ustazu, a shagon ya bar takalmansa, ya daɗe ba ya kwana sai da fitila a kunne. Taro ya fashe. Liman ya ja gefen rawani ya rufe baki, amma cikinsa ya tona shi. Gwaggo, wadda har yanzu tana huci, ta ɗaga gefen mayafin amarya don ta lallashe ta, ta leƙa, ta yi maza ta saki. Ni da nake durƙushe na hango abin da ta gani: Yaya Hadiza dariya take har da hawaye, ta cusa gefen leshi a baki. Gwaggo ta gyara murya ta sanar da jama'a, “Kuka take, baiwar Allah. A yi haƙuri a ƙarasa.”

Aka tayar da kujera, ango ya ba da haƙuri har ƙasa, aka yi hotuna (a cikinsu duka yana kallon gefe). Motoci suka tashi da sauran rana. Baba ya juya ya koma shagonsa, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Washegari ban jira a aiko ba. Na naɗe mandolin a tsohon zane, na rungume ta, na bi ta gaban shago a sanɗa zan kai wa Malam Yohanna. Keke ya tsaya.

“Kai. Ina za ka?”

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, “Zan mayar ne, Baba.”

“Shigo. Zauna. Kaɗa mini na jiyan.”

Na ɗauka sabon salon horo ne. Na kwance zane na kaɗa, kaina a ƙasa. Da na gama sai ya juya yana kallon titi ta ƙofa. Can ya ce, “Ranar da na dawo garin nan bayan yaƙi, da sassafe mota ta sauke ni. An kwana ana ruwa, hazo ya sauko daga tsaunin can ya rufe ko'ina. Na shigo layin nan da ƙafa. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito a tsakar gidaje. Ina tafe ina kiran sunayen mutane, gida gida. Ba wanda ya amsa.”

Ya ɗauki almakashi ya ajiye. “Tun ranar da ka fara kaɗa abin nan nake tambayar kaina, a ina na san shi. Jiya da aka ce na fatalwa ne, sai na ce, ashe.”

A gidan nan na girma, ban taɓa jin ya ambaci ranar ba, ni kuma ina can bayan gida ina rage sauti wai kada in ɓata masa rai. Tausayinsa ya kama ni, har ya danne kunyar jiya.

Ya ce, “Mayar da molonka ɗaki. In ka yi la'asar ka riƙa kaɗawa, ka daina rage shi.” Ya ɗora ƙafa a kan keke, sannan ya ƙara, “Amma in na sake jin sa a bikin wani, da molon za a dafa shinkafar.”

Haka aka yi. Har Allah ya karɓi ransa, bayan la'asar keken yakan yi shiru na ɗan lokaci, ni da shi ba mai ce wa wani komai. Yaya Hadiza kuwa ta samu makami. Tana Anacha da 'ya'yanta, kuma ta ce duk ranar da Ustazu ya fara ɗaga murya a gida, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta fara rera kiɗan a hanci, nan take zai tuna yana da aiki a kasuwa.

Ni dai abin da na koya bai da yawa. Har yanzu ana kirana biki jefi jefi, kuma kafin in taɓa tsirkiya sai na faɗi inda na samo kiɗan, ko ba a tambaye ni ba. Sannan in ja ango gefe in tambaye shi abin da yake tsoro. In mai gemu ne, sai na sa ya rantse.